Ranar da Mataccen Famfon Mpape Ya Zo Na Ɗaya

Na yi shekaru ina aikin ofis a Abuja, kuma yawancin abubuwan da suka faru a lokacin sun shuɗe, ko an tuna mini sai na yi dogon nazari. Amma ranar da mataccen famfon Mpape ya zo na ɗaya a cikin duk famfunanmu, wannan kam ba na jin za ta fita daga kaina har in koma ga Mahaliccina. Duk sanda na tuna, dariya ce take fara zuwa, sai takaici ya biyo baya ya kore ta.

A lokacin ina aiki da wata ƙaramar ƙungiya mai haƙa rijiyoyin burtsatse a unguwannin gefen birni, irin su Dutse Alhaji da Ushafa da Mpape. Kuɗin aikin daga wasu masu ba da tallafi yake zuwa, mu kuma namu shi ne haƙawa, da kula da famfunan, da kai rahoto. Ni ce mai kula da bayanai. Ina zaune a Dutse Alhaji wajen yayata, kullum da safe in yi kokawar shiga mota da sauran ma'aikata, in isa ofis gyalena ya karkace, in zauna gaban kwamfuta har la'asar.

Shugaban ofishin, wanda kowa ke kira Oga, mutum ne mai ilimi, wannan ba zan tauye shi ba. Ya yi karatu mai zurfi, kansa yana ja, kuma idan ya so fahimtar abu nan take yake fahimta. Da a ce jahili ne da tuni na yafe masa. Matsalarsa ita ce ya fi son a ga aiki a kan a yi aiki. Turarensa yana riga shi shiga ɗaki, wayoyinsa suna jere a kan tebur kamar mai shagon sayar da su, kuma ba ya jimla uku bai ce "a ƙasashen da suka ci gaba" ba. Tun ranar da aka yanka kirtanin buɗe famfon Mpape aka ɗauki hoto, ƙafarsa ba ta sake taka unguwar ba, wai hanyar tana lalata masa ƙasan mota. Yana da mataimaki, wani siririn mutum wanda aikinsa na gaskiya shi ne gyaɗa kai. Idan Oga ya yi barkwanci, shi ke fara dariya tun kafin a kai ƙarshe.

Bari in ɗan bayyana yadda bayanan suke, don a gane abin da ya biyo baya. Kowace unguwa tana da kwamitin ruwa. Ƙarshen kowane wata sukan aiko mana abu uku: kwana nawa famfo ya ba da ruwa, kwana nawa ya yi a lalace, da kuma sau nawa mutane suka kawo ƙorafi. A teburinmu na kwamfuta kowane famfo yana da layinsa guda a kwance, watanni kuma suna jere a tsaye gefe da gefe. Janairu tana da gida uku, na aiki da na lalacewa da na ƙorafi, Fabrairu ma haka, har ƙarshen shekara. Tebur ne mai faɗi, sai ka yi ta jan linzamin kwamfuta zuwa dama kafin ka ga ƙarshensa.

Shugabar kwamitin Mpape wata dattijuwa ce Bagwariya, mai sayar da abinci ga leburorin wurin fasa dutse. Mama nake ce mata, ita kuma ta ce mini Anti duk da ta haife ni. Ba ta iya rubutu sosai ba, don haka kira take yi. Injin da ke can ƙasan rijiyarsu ya ƙone tun da daɗewa, kuma duk wata sai ta kira da maganar nan guda. Takan ce ruwa babu, mata yana sauka ƙasa da jarka, wanda ba shi da kuɗin 'yan garuwa yana ɗiba a kududdufin da masu fasa dutse suka bari, yara yana gudawa. Haka take Hausarta, ba ruwanta da namiji ko mace, amma ban taɓa kasa gane ta ba. Duk ƙorafin da aka kai mata sai ta riƙe shi a ka ta faɗa mini, ni kuma in shigar. Nakan ba ta haƙuri in ce ta ci gaba da kira, domin masu tallafi sun ce famfunan da suka fi shan wahala a rahoton shekara su za a fara gyarawa.

A shekarar ce masu tallafin suka kawo sabuwar manhajar rahoto, irin wadda ake zuba mata tebur ta fitar da zane-zane masu launi, ana kiran allon dashbod. Manhajar ba ta iya zana tafiyar watanni idan suna jere gefe da gefe, sai an juya teburin, kowane wata ya sauko ya zama layinsa na kwance. Wannan juyin shi 'yan ofis ke kira fibot. Idan abu ɗaya kake aunawa, aiki ne mai sauƙi, ka zaɓi layukan ka danna. Amma mu abu uku muke aunawa, don haka dole a juya su rukuni rukuni, na aiki daban, na lalacewa daban, na ƙorafi daban, sannan a haɗa su ta sunan famfo da wata. In ka kwashe su gaba ɗaya ka juya, duk lambobin za su zube a gida guda, manhajar kuma ba ta tambaya, tarawa kawai take yi.

Aikin nan nake yi a hankali, domin waɗanda suka shigar da bayanan kowa da yadda ya rubuta sunan wata, sai na bi na daidaita. Ga shi masu tallafi sun aiko cewa wakiliyarsu tana tafe a makon don ganin rahoto. Ina cikin haka da hantsi sai ƙamshin turare ya cika ɗakin. Oga ne, da mataimaki a bayansa. Bai daɗe da dawowa daga wani taron bita da aka yi a otal a kan manhajar ba, inda aka ba shi jaka da takardar shaida, kuma tun daga ranar yake neman inda zai nuna abin da ya koyo. Ya tambayi me ya sa har yanzu bai ga zane ba. Na fara yi masa bayanin rukuni uku, ya ɗaga mini hannu.

"Malama, kin cika wahalar da kanki. Tashi ki gani."

Na tashi. Ya zauna a kujerata, ya gyara hannun riga, ya kira sauran ma'aikata su zo su koyi aiki. Ya danna layin farko, ya ja linzami har ƙarshen teburin, duk suka yi shuɗi, ya danna fibot. Nan take teburin mai faɗi ya tsuke ya zama dogo. Ya ja gidan lambobin ya jefa a allo, sai ga sanduna masu launi sun miƙe, dogaye, kusan kai ɗaya, kamar sojoji a fareti. Guda ɗaya ce ta zarce sauran da nisa. A ƙarƙashinta an rubuta Mpape.

Mataimaki ya fara tafi, sauran suka bi. Wani ya ce aikin da ake ta jan ƙafa a kansa ga shi Oga ya gama kafin shayi ya huce. Oga ya miƙe yana murmushin mai tawali'u, ya ce ba komai ba ne, sanin makamar abu ne kawai. Babu wanda ya tsaya ya tambayi yadda famfon da kowa a ofishin ya san a mace yake ya fi kowanne aiki. Kowa ya sani fa, domin in Mama ta kira, muryarta har teburin maƙwabta ake ji.

Ban yi magana a gaban mutane ba, don na san idan na kunyata shi a nan ba zai taɓa saurara ba. Na bari aka watse, na ɗauki kwamfuta na same shi a ofishinsa. Na nuna masa cewa kwanakin aiki da na lalacewa sun haɗu, shi ya sa kowane famfo ya cika wata cif, mai rai da matacce. Sannan ƙorafi ya hau kai, don haka wanda aka fi kuka da shi shi ya fi tsawo. Na buɗe masa wata guda na Mpape, ya ga famfon ya yi aiki fiye da kwanakin da Allah ya halitta a cikin wata.

Wannan ne wurin da ba na mantawa. Ina kallon fuskarsa, na ga lokacin da ya gane. Bai ɗauki lokaci ba, idonsa ya bi lambobin sau ɗaya ya tsaya. Na yi zaton zai yi tsaki ya ce in je in gyara. Sai ya jawo kwamfutar gabansa, ya danna kan zanen inda aka rubuta kwanakin aiki, ya goge, ya rubuta makin nagarta. Ya juyo mini da allon.

"Kin gani? Yanzu ba kwanaki ba ne, maki ne. Maki kuwa ba shi da iyaka."

Na ce, "Oga, in aka kai shi haka, Mpape ta fita daga cikin waɗanda za a gyara."

Ya jingina da kujera ya yi mini doguwar lacca. Wai masu tallafi nasara suke son gani, ba wanda ke zuba kuɗinsa inda ake ta kuka. Wai idan aka sabunta mana aikin, shi da kansa zai sa a gyara Mpape a asirce, kowa ya huta. Wai ni yarinya ce, ban san yadda ake riƙe ofis mai ciyar da iyalai ba. Na ce masa ni dai ba zan tsaya gaban kowa in gabatar da wannan ba, kuma duk wanda ya tambaye ni zan faɗi yadda aka yi. Ya yi murmushi ya ce ba wanda zai tambaye ni, domin shi zai gabatar, ni kuma an ba ni aikin ɗaukar hoto. Da na fito na tari mataimaki da maganar, sai ya dafe ƙirji ya ce shi bai gane harkar kwamfuta ba sam. Mutumin da ke wuni yana gyara takardar neman aikinsa a kwamfutar ofis.

Wakiliyar ta iso ranar da aka sa. Mace ce mai matsakaicin shekaru, 'yar Filato, injiniyar ruwa, ba kwalliya ba yawan magana. Aka shiga ɗakin taro, aka kunna majigi, Oga ya tsaya da sandar nuni yana zuba Turanci kamar ana biyansa a kan kowace kalma. Sandunan nan suka bayyana a bango. Ya yi magana a kan juriya, da ɗorewa, da mallakar al'umma. Ina gefe da kyamara ina ɗaukar mataimaki yana gyaɗa kai. Baƙuwar ta daɗe tana kallon sandar da ta fi tsawo, sannan ta ce abin ya burge ta, ba ta taɓa ganin famfo a unguwar kan dutse ya yi irin wannan ƙoƙari ba. Ta ce gobe da safe tana so a kai ta Mpape ta ga abin da suke yi daidai, don a koya wa sauran wurare. Har yau ban sani ba ko da gaske ta burge, ko kuwa ta riga ta shinshino wani abu. Fuskarta ba ta nuna komai ba.

Ta Oga kuwa ta nuna. Shi ya shirya kai ta Ushafa ne, inda famfo ke aiki lafiya, a ɗauki hoto da mata masu ginin tukwane, a saya mata tulu mai ado ta tafi da shi. Ya fara kawo dalilai. Hanya ba kyau. Ta ce ta saba. Ana fasa dutse da nakiya, akwai haɗari. Ta ce ta yi aiki a wuraren haƙar ma'adinai. Akwai batun tsaro. Ta ce ai unguwa ce da dubban mutane ke kwana su tashi a cikinta. Da dalilai suka ƙare, ya ce to madalla, shi ma dama ya fi son Mpape.

Mutum mai hankali a nan zai tsaya. Zai same ta a gefe ya ce an yi kuskure wajen juya tebur, a ba mu yini mu gyara. Da ta yi ɗan faɗa, magana ta wuce. Amma Oga ya kulle ƙofa da mataimaki, aka yi ta waya har aka tashi daga aiki.

Washegari da safe ina bakin titin Dutse Alhaji ina jiran mota sai ga kiran Mama. Murna fal a muryarta. Ta ce, "Anti, Allah ya amsa. An kawo babban mota, yana zuba ruwa a tanki. Har da mai fenti ya zo." A nan na gane dabarar. Za a cika tankin sama da ruwan tanka, baƙuwa ta murɗa kan famfo ruwa ya zubo, a tafa, a tafi. Ban iya gaya wa Mama ba, na ce mata dai muna tafe.

Muka ɗauki hanya a motoci biyu. Wanda ya san Mpape ya san yadda hanyar take bayan an bar kwalta, hawa ce mai ramuka, ga 'yan acaɓa, ga tifofi ɗauke da tsakuwa suna saukowa suna huci, ga shaguna sun ci rabin hanya. Oga yana gaba yana ta kiran mataimaki, wanda ya riga mu zuwa Mpape, a waya, yana magana ƙasa ƙasa, yana cewa direba ya rage gudu don baƙuwa ta ga gari. Abin da bai lissafa ba shi ne tankin yana can sama a kan ƙarfe, sai da ƙaramin inji ake tura masa ruwa, injin kuma ya yi ta gardama tun safe. Bayan haka wata tifa ta mace a daidai kwanar da tankar za ta bi ta fita. Don haka da muka kai inda mota ba ta iya wucewa muka sauka muka ƙarasa da ƙafa, abin da ya fara tarbar mu shi ne tankar ruwa, tsaye a gindin famfo, da tiyo mai kauri ya tashi daga cikinta ya hau har bakin tanki, inji yana ta ƙara.

Ga kuma layi. Ban taɓa ganin layin jarkoki irin wannan ba. Ya taso daga bakin famfo, ya bi ta tsakanin gidaje, ya gangara ta ƙaramar hanyar ƙafa har ya ɓace. Mata da goyo, tsofaffi, leburori da bokitin fenti, kowa ya ji labari ya fito. Ƙarfen tankin yana sheƙi da sabon shuɗin fenti, ƙamshinsa har ya danne turaren Oga. Mataimaki yana tsaye a gefe, gumi ya jiƙa masa riga, ya kasa haɗa ido da kowa.

Baƙuwar ta tsaya ta kalli tankar, ta kalli Oga. Ni kuwa na ce yau ƙarya ta ƙare. Ashe ban gama sanin mutumin ba. Ya gyara tsayuwa, ya buɗe hannuwa, ya ce wannan shi ne abin da yake so ta gani da idonta. Wai rijiyar tana da ruwa sosai har tankoki ke zuwa su ɗiba su kai wa wasu unguwanni. Ya faɗi haka ba ko ƙifta ido, a gaban mutanen da suka yi watanni suna shan ruwan kududdufi. Sa'arsa ɗaya, da Turanci ya faɗa.

Baƙuwar ta taka zuwa wurin tiyon, ta dafa shi da tafin hannu na ɗan lokaci, ta dubi yadda aka ɗaura injin. Sannan ta ɗaga kai ta yi wa direban tankar sallama da Hausa, yana zaune a kan motarsa yana cin gyaɗa.

"Malam, ɗiba kake yi ko zubawa?"

"Zubawa, Madam. Wa zai ɗebi ruwa a nan? Ai rijiyar ta daɗe da mutuwa."

Kafin Oga ya samo wata sabuwar magana sai ga Mama ta ratso mutane, ta ɗaura zaninta na zuwa coci, tana tafe tana ɗan rangaji. Ta durƙusa a gaban Oga ta yi ta godiya. Ta sa masa albarka, ta sa wa 'ya'yansa, ta ce tun kafin Kirsimeti rabon da su ga ruwa a wannan famfo, yau ga shi Allah ya taɓa zuciyarsa. Sannan ta tambaye shi, da zuciya ɗaya, ko motar zai dawo gobe, don ta gaya wa na ƙarshen layi kada su yi faɗa. Oga ya tsaya yana kallon sama da kanta kamar da wani take.

Baƙuwar ta ɗaga Mama ta gaishe ta da ladabi, ta sa aka buɗe akwatin wutar famfon. Wayoyin sun ƙone sun yi baƙi, zanzaro har ya yi gini a ciki. Ta rufe, ta karkaɗe hannu, ta tambayi wanda ya haɗa rahoton jiya. Nan Oga ya samu bakin magana. Ya ce manhajar sabuwa ce, tana da matsaloli, kuma ma'aikaciyarsu ta bayanai ba ta gama ƙwarewa ba, ga ta can da kyamara. Ya ce shi ma abin ya ba shi mamaki ƙwarai, zai sa a yi bincike.

Ta juyo gare ni ta ce in faɗa mata abin da ya faru. Na faɗa a taƙaice, cewa layuka iri uku aka kwasa aka juya tare, kwanakin aiki da na lalacewa da ƙorafi suka taru a gida ɗaya. Ta ce wa ya juya, wa kuma ya sa masa suna maki. Na ce Oga ne, kuma na nuna masa kuskuren tun a ranar. A daidai nan wayar Oga ta samu kira mai muhimmanci, irin kiran da ba a jin ƙararsa, ya kara ta a kunne ya koma gefe. Ya jingina da ƙarfen tankin yana ta "eh, eh" da babu kowa. Da ya ɗago, shuɗin fenti ya zana masa layi biyu a bayan farar shaddarsa. Ba wanda ya gaya masa.

Mama tana tsaye tana bin bakinmu, ta ji ana ambaton ƙorafi, ta tambayi me ake cewa. Baƙuwar ta yi mata bayani a hankali, cewa a cikin kwamfuta an haɗa kukan da suke kawowa da kwanakin ruwa, sai ya nuna famfonsu ya fi na kowa lafiya, har an cire shi daga waɗanda za a gyara. Murnar nan duk ta sauka daga fuskar Mama. Ta dube ni ta ce, "Anti, ashe kiran da nake yi ne ya hana gyara?"

Na yi ta ce mata a'a, ba ita ba ce, ita ta yi daidai. Amma tambayar ta zauna mini a ƙirji. Matar nan ta yi watanni tana sa katin waya da ribar shinkafa da wake don ta kai kukan unguwarta inda ya dace, wani kuma ya zauna a ɗaki mai sanyi ya mayar da kukan ado a bango.

Ruwan tankar bai kai azahar ba. Muna nan tsaye famfon ya fara tari, ya tsaya, fiye da rabin layin ba su samu ko ɗigo ba. Mutane suka ɗauki jarkokinsu suka kama hanyar gangare, ba hayaniya, kamar waɗanda suka saba. A hanyar komawa mataimaki ya ce rana ta yi zafi yau, ba wanda ya kula shi a motar.

Baƙuwar ta sa aka gyara famfon kai tsaye daga ofishinsu, ba ta hannunmu ba, kuma cikin 'yan makonni Mama ta kira ni ta kara wayar a bakin famfo don in ji ƙarar ruwa. Na sake juya teburin yadda ya kamata, rukuni rukuni, sai ga wasu famfuna biyu su ma sun fito a ƙasa, aka gyara su. Wannan shi ne alherin da ya fito daga lamarin.

Sauran kuwa irin na Abuja ne. Oga ya rubuta dogon bayani cewa tangarɗar na'ura ce, har ya nemi a ba da kuɗin horar da ma'aikata a kan manhajar. Tankar kuma wai agajin gaggawa ne da ya shirya don tausayin jama'a, aka yi masa mummunar fahimta. Masu tallafi suka rage aikin da suke ba mu. Da kwantiragina ya ƙare ba a sabunta ba, aka ce ba ni da haɗin kai. Mataimaki ya raka ni har bakin ƙofa yana raɗa mini cewa shi dama tun farko zanen bai kwanta masa ba. Na yi watanni ina zaune a ɗakin yayata kafin na samu wani aikin. Oga bai daɗe ba ya koma wata ƙungiya da ta fi tamu girma. Bayan wasu shekaru na je wani taro a otal, ina shiga sai na hango shi a kan mumbari, an sa shi cikin masu jawabi a kan gaskiya da riƙon amana wajen sarrafa bayanai. Ya yi magana mai daɗi ƙwarai, aka tafa masa. Na ɗauki lemona na fita.

Abin da na koya shi ne kuskuren kwamfuta ba abin tsoro ba ne, ana gano shi a gyara kafin a tashi daga aiki. Abin tsoro shi ne mutumin da ya ga kuskuren, ya gane shi sarai, ya ga ya yi masa kyau, ya sake masa suna. Tun daga lokacin, duk kyan zanen da aka haska mini a bango, ba na tafi sai na tambayi me da me aka tara a ciki, kuma waye ya taka da ƙafarsa ya je ya gani. Lambar da ke cikin tebur ba ta jin ƙishirwa, amma mutanen da aka ƙirga suna ji.